Farantin da Norio Ya Mayar

Shafi na 14

Norio Tamagawa ba shi da tarbiyya. Shekarunsa sittin da biyar, kansa ya yi fari fat, ya daɗe yana shugabantar mutane a ofis kafin ya yi ritaya, amma abin da ɗan firamare ya sani a garin Osaka shi bai sani ba. Ko kuma ya sani, raini ne ya hana shi bi. A shagon sushi, inda shinkafa da ɗanyen kifi ke zagayawa gaban masu ci a kan bel na inji, farantin da ka ɗauko ya zama naka. Ba a mayarwa. Shi ya mayar, ba sau ɗaya ba, kuma a gaban matar da ta fi kowa sanin abin da hakan zai jawo.

Shekara uku ke nan matarsa Mitsue tana aiki a shagon sushi na bakin tashar jirgin ƙasa ta Tennoji. Litinin, Laraba da Juma'a, daga bakwai na safe zuwa sha biyu. Ita ke dafa shinkafa, ita ke koya wa sababbin ma'aikata dokokin shago. Norio bai sani ba. Abin da ya sani shi ne tana zuwa ninkaya saboda ciwon gwiwa. Bai taɓa tambayar wace irin ninkaya ke cin awa biyar ba.

A gida sunanta "ke". A shagon nan kaɗai ake kiranta Anti Mitsue, a tambaye ta shawara, a jira amsarta. Shi kuwa duk inda ya zauna sai ya faɗa, yana buɗe ƙirji, cewa matarsa ba ta taɓa fita neman aiki ba tun da ya aure ta. Ta san ranar da ya gane, a ranar zai ce ta bari.

Ranar Alhamis ɗin nan ba ranar aikinta ba ce. Da hantsi ya ce mata, "Ke, sa takalminki. Hosoi ya gayyace mu cin abinci."

Hosoi tsohon yaronsa ne a ofis. Ba ta tambayi inda za su ba, don ko ta tambaya ba ya amsawa. Sai da suka fito daga jirgin ƙasa, ta hango Hosoi tsaye yana ɗaga musu hannu a ƙofar shagonta, sannan ta gane inda za su.

"Baban Kanae," ta ce, "ga shagon taliya can a tsallake. Cikina ba ya son ɗanyen kifi yau."

"Cikinki ne aka gayyata ko ni?"

"Ai na ga akwai layi a nan."

"Ina layin? Wuce mu je."

Hosoi ya sunkuya har sau uku.

"Oga, barka da zuwa. Uwargida, an kwana biyu. Ina gwiwa?"

"Da sauƙi," ta ce, idonta na ƙasa.

Wadda ke tarbar baƙi a ƙofa ranar Toshiko ce, abokiyar aikinta, mace mai baki kamar rediyo. Tana ganinta fuskarta ta washe.

"Sannunku da zuwa. A'a, Ant..."

Mitsue ta zuba mata wani irin kallo. Toshiko ta haɗiye sauran, ta dubi Norio tun daga kai har ƙafa, ta sake duban Mitsue. Ta gane.

"Mutum uku? Tebur na sha ɗaya. Ku biyo ni."

Norio ya zauna a gefen bel, ya tube kwat ya miƙa wa matarsa ba tare da ya kalle ta ba. Hosoi ya zauna kusa da shi. Mitsue ta zauna tana fuskantarsu, ita ma a gefen bel. Farantai na tahowa daga wajen Norio, su wuce ta gabanta, su ci gaba zuwa tebur na sha biyu.

"Hosoi, yanzu nan ka ga ya dace ka kawo ni?"

"Oga, kifinsu da kyau. Shinkafarsu kuma babu kamarta a unguwar nan."

"Shinkafa? Inji ne yake dunƙula ta. Lokacin da nake ofis, inda nake cin sushi mai gidan da kansa yake ajiye mini a gabana, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon fuskata. Nan kuwa kifi ne ke yawon gari kamar motar haya."

Hosoi ya yi dariya, irin dariyar da ya saba yi masa shekara ashirin.

Aka kawo wa Norio giya. Ya kurɓa, ya ɗauki tsinken cin abinci ya tsotse bakinsu kamar yadda yake yi a gida, ya miƙa hannu ya ɗauko farantin jan kifin tuna. Ya cire murfin. Ya ɗaga kifin da tsinke, ya kai hanci, ya yatsine fuska.

"Wannan ya gaji da zagaye."

Ya ajiye kifin a kan shinkafarsa, ya rufe murfi, ya mayar da farantin kan bel.

Mitsue ta bi farantin da ido.

Dokar shagon a rubuce take a bangon ɗakin ma'aikata, kuma ita da bakinta take karanta wa kowane sabo. Duk ma'aikacin da ya ga an mayar da faranti, ko yana bakin aiki ko ya zo a matsayin baƙo, ya danna jan maɓallin da ke ƙarƙashin bel ya tsayar da komai. Wanda ya gani ya yi shiru, ya ajiye rigar aiki a ranar. Ga na'urar ɗaukar hoto a sama tana kallon kowane tebur.

In ta danna, mijinta ya gane. In ta yi shiru, shago ya kore ta.

Farantin ya iso gabanta. Ta fizge shi, ta buɗe, ta ci.

"Ke da kika ce cikinki ba ya son ɗanye?"

"Ya sake shawara."

Ta sunkuyo ta rage murya.

"Baban Kanae, ba a mayarwa."

"Wa ya ce?"

"Ga shi nan a rubuce a gabanka."

Ya kalli takardar da ke manne a jikin tebur.

"Don yara aka rubuta. Ni ban ci ba. Dubawa na yi."

"Ka taɓa."

"Da tsinke. Da ƙafa na taɓa?"

Hosoi ya shiga zuba miya a ɗan kwanonsa kamar aikin na bukatar dukkan hankalinsa.

Norio ya ɗauki faranti biyu ya riƙe. Amma ba ci irin na mutane ba. Sai ya ɓare kifin ya jefa a baki, ya ture shinkafar gefe. Kafin minti goma ya tara 'yar tsibi a bakin tebur.

"Likita ya ce in rage shinkafa," ya gaya wa Hosoi.

"Giya fa?" in ji Mitsue.

"Bai ambaci giya ba."

Ya ambata. Tana ɗakin.

Ta dubi shinkafar nan da aka ture. Ta san ƙarfe nawa Toshiko ta tashi don ta wanke ta, ta san sau nawa ake sauya ruwa, ta san yadda hannu ke tsagewa da sanyi. Mutumin da bai taɓa wanke cokali ba shi ne ya fi kowa sanin abincin da bai yi ba. Haka suke, su irin Norio. Ko'ina akwai su.

Faranti na biyu da ya raina na wani kifi ne da ake kira saba, mai ƙarni, wanda Mitsue ba ta ko son warinsa. Ya buɗe, ya juya shi da tsinke, ya ce launinsa bai yi masa ba. Ya mayar.

Ta fizge. Ta rufe ido ta haɗiye.

Na uku ƙwan kifi ne. Ya lakaci ɗaya ya ɗanɗana, ya ce gishiri ya yi yawa. Ya mayar.

Ta fizge.

"Hosoi, ka ga ikon Allah? A gida kamar tsuntsuwa take ci. Yau da ta ji ba ita ta dafa ba, har abin da na ƙi take wawura."

"Uwargida, a ci lafiya," Hosoi ya ce, bai ɗago kai ba.

"Baban Kanae, don Allah. Abin da ba ka so, ajiye a tebur. Zan ci."

"Ni za ki koya wa cin sushi? Tun kina ƙauyenku kina cin dankali nake cin sushi."

"Mutane ne za su ci a bayanka."

"Su ci mana. Cuta gare ni?"

Kwana huɗu yana tari a gida, yana zubar da takardar fyace hanci a duk inda ya ga dama. Ba ta faɗa ba. Ta hango Toshiko a can wajen ƙofa tana leƙen teburinsu, ta kawar da kai.

Rabin awa kawai, ta ce a ranta. Ya ƙoshi, su fita, gobe ta sami shugabar shago ta faɗi gaskiya da bakinta. Rabin awa.

"Ke, shayi."

Ta ɗauko kofi, ta zuba garin koren shayi, ta danna kofin a jikin famfon ruwan zafi da ke bakin tebur. Famfon sai da hannu biyu, ɗaya riƙe da kofi, ɗaya tallafe da gindinsa, in ba haka ba ka ƙone.

A daidai lokacin ya ɗauko farin faranti mai soyayyen ƙwai. Ya cire murfi. Ya yi tari a tafin hannunsa, ya goge a wando, sannan ya danna ƙwan da babban yatsa.

"Ka ga ni, Hosoi? Ƙwai shi ke nuna gwanintar shago. Wannan kamar soson wanka."

Ya rufe. Ya mayar.

Kafin ta dire kofin, farantin ya wuce ta.

Ta miƙa hannu, yatsunta suka kama iska. Ruwan zafi ya fallatso mata a wuyan hannu.

"Kin zubar. Komai sai kin zubar."

Ba ta ji shi ba. Idonta na kan farin farantin. Ya wuce tebur na sha biyu, inda wasu 'yan ofis biyu ke kallon wayoyinsu. Ya wuce na sha uku. Ya sha kwana ya nufi dogon benci na masu ci su kaɗai.

A kujerar farko ta bencin, Iya Umeno ce zaune. Shekarunta tamanin da takwas. Kullum da tsakar rana take zuwa, ta jingina sandarta, ta ci ƙwai faranti biyu, ta sha shayi ta tafi. Ba ta gani sosai, farin faranti kawai take ganewa. Makon jiya aka sallamo ta daga asibiti bayan ciwon huhu, Mitsue ce ma ta kai mata fure a madadin ma'aikata.

Tsohuwar ta ɗaga hannu tana jiran farantin ya iso.

Mitsue ta dubi mijinta. Yana sakace haƙori.

Ta zura hannu ƙarƙashin bel, inda baƙo bai san akwai komai ba, ta danna.

Bel ya tsaya cak. Ƙararrawa ta buga sau uku. Shagon da ke cike da hayaniyar rana ya yi tsit, kowa ya ɗago kai.

Mitsue ta miƙe tsaye, da muryar da mijinta bai taɓa ji ba ta ce, "Iya Umeno, kada ki taɓa wannan. Toshiko, farin faranti, kujera ta ɗaya."

Toshiko ta riga ta isa. Ta ɗauke shi daga gaban yatsun tsohuwar.

"Ke, zauna," in ji Norio. "Me kika taɓa? Kin lalata wa mutane inji."

Labulen kicin ya buɗe. Ezaki ta fito, shugabar shago, mace 'yar shekara talatin da biyu, ba ta da tsawo, ba ta da wasa. Kai tsaye ta nufi tebur na sha ɗaya.

"Anti Mitsue, guda nawa?"

"Huɗu. Ɗaya ne ya wuce. Ukun farko na cinye su."

"Wa ya mayar?"

Mitsue ta dubi Norio.

"Mijina."

Norio ya ajiye tsinken sakace a hankali.

"Wa take kira Anti?"

Ya juyo ga Mitsue.

"Da ke nake. Ina yarinyar nan ta san sunanki?"

"A nan nake aiki."

"Me?"

"Litinin, Laraba, Juma'a. Shekara uku."

"Ninkaya kike zuwa."

"Ka taɓa ganin kayan ninkaya a kan igiyar shanya?"

"Shanya aikina ce?"

"Ka taɓa ganin na dawo da jiƙaƙƙen gashi?"

Ya juya ga Hosoi yana neman wanda zai taya shi mamaki. Hosoi ya yi gumi har ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Oga, ka yi haƙuri. Ai na ɗauka ka sani."

"Ka ɗauka na san me?"

"Duk Laraba a nan nake cin abincin rana, tun kafin sha biyu. Ina hango Uwargida ta tagar kicin. Shi ya sa na zaɓi nan, na ce za ka ji daɗi. Shi ya sa ma na yabi shinkafar."

"Kai ka sani?"

"Duk ofis sun sani, Oga. Har suna yaba maka, wai ka waye."

Wani daga tebur na sha biyu ya yi tari don ya danne dariya.

Fuskar Norio ta yi ja har kunnuwa.

"Me na rage ki da shi? Abinci? Sutura? Me za ki zo nan kina wanke wa 'yan tasha kwano, kina zubar mini da mutunci?"

"Ba kwano nake wankewa ba. Shinkafa nake dafawa."

"Ta gida ba ta ishe ki ba?"

"Ta gida ba a cewa an gode."

"Za mu yi magana a gida."

"A gida ba ma magana, Baban Kanae. Kai kake yi."

Ezaki ta ɗaga hannu.

"Maganar gidanku taku ce. Ta shagona tawa ce."

Ta juya ta yi wa masu cin abinci magana, ta sunkuya ƙasa sosai. Ta ce an taɓa abinci an mayar, don haka za a kwashe duk abin da ke kan bel, a goge shi, a sake sabo, a yi musu haƙuri na minti ashirin.

Ma'aikata suka fito da manyan bokitai. Faranti ya fi ɗari biyu a kan bel ɗin. Kifin tuna, jatan lande, ƙwai, kifin da aka yanka ɗazun nan ko minti biyar bai yi a kai ba, duk aka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya, don babu mai iya rantsuwa cewa hannun nan bai shafi wani ba. Wani ya fita teku cikin sanyi ya kamo kifin nan. Wani ya tsaya tun safe yana yanka. Babban yatsan mutum ɗaya ya kai su bola.

"Wannan hauka ne," in ji Norio. "Saboda ƙwai ɗaya?"

Babu wanda ya kula shi. Ezaki ta dawo kan Mitsue.

"Anti, uku kika gani kafin ki danna."

"Uku."

"Ke kika karanta mini dokar nan ranar da aka turo ni shagon nan. Kika ce babu uba babu miji a cikinta. Na tuna, don har na yi dariya."

"Na faɗa."

"To me ya sa?"

"Tsoro na ji."

"Da ɗaya daga cikin ukun ya kuɓuce miki fa?"

Mitsue ta sunkuya, ta tsaya a sunkuye. Wuyan hannunta na raɗaɗi, amma ba shi ne ya dame ta ba. Rigarta mai ruwan toka tana rataye a ƙusa ta uku a ɗakin ma'aikata, da sunanta a ƙirji. Ita take gani.

"Ba sai kin wahalar da kanki ba, yarinya," Norio ya ce. "Ba sai kin kore ta ba. Ta bari daga yau. Ni na ce."

"Ban tambaye ka ba, Baba."

"Ni ne mijinta."

"Ba kai na ɗauka aiki ba."

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda. Iya Umeno ce ta taso, Toshiko na riƙe da gwiwar hannunta. Ta matso har gaban Norio, ta ɗaga kai tana ƙanƙance ido.

"Wannan ne ya danna mini ƙwai?"

"Shi ne, Iya," in ji Toshiko, da saurinta.

"Na ɗauka yaro ne. Ashe da furfurarsa." Ta juya. "Mitsue, mijinki ne?"

"Eh, Iya."

"Shekara nawa?"

"Talatin da shida."

"Sannu. Nawa ma haka yake, amma shi ya taimaka ya mutu da wuri."

Wannan karon ba a danne dariyar ba. Ta tashi daga benci ta zagaye shagon kamar yadda bel ke yi.

Norio ya miƙe ya fizgi kwat ɗinsa.

"Hosoi, tashi. Ke, ɗauko jakarki."

Ezaki ta tsaya a gabansa. Kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ba ka tafi ba tukuna."

"Matsa mini."

"Hanya biyu ce. Ko in kira 'yan sanda in ba su hoton da na'ura ta ɗauka, ka yi musu bayanin yadda ka tsayar mana da ciniki da tsakar rana. Ko ka bi teburan nan ka ba kowa haƙuri, kai da bakinka."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Mijin Anti Mitsue."

Hosoi ya ja hannun rigarsa.

"Oga, ka sunkuya kawai. In aka kai maganar nan ga 'yan sanda, sai ta kai gidan surukan 'yarka Kanae."

"Kai ma ka zama mai ba ni umarni?"

"Shawara ce, Oga. Ka yi ritaya, ni ban yi ba. Gobe ina da fuskar da zan kai ofis."

Norio ya dubi ƙofa. Wani ƙaton mai yankan kifi ya fito daga kicin ya tsaya a wajen, hannuwansa harɗe a ƙirji. Ya dubi matarsa, yana jiran ta yi abin da ta saba, ta shiga tsakani, ta ba da haƙuri a madadinsa, ta ce laifinta ne. Shekara talatin da shida tana yi. Ta yi wa maƙwabta, ta yi wa direbobin tasi, ta yi wa dangin uwarta a wajen makoki.

Mitsue ta kalli shinkafar da ya tara a bakin tebur. Ta bar shi da abinsa.

Ezaki ta juyo gare ta.

"Anti, ga naki. Dokar ta ce wanda ya yi shiru ya tafi. Kin yi shiru sau uku, kin danna a na huɗu, kuma kin faɗi ukun da bakinki kafin in duba na'ura. Zan rubuta miki gargaɗi, ki sa hannu. Na biyu babu."

"Na gode."

"Kada ki gode tukuna. Bel babu komai, mutane na jira, Toshiko na ƙofa. Tukunya biyu nake bukata yanzu. Na san ba ranarki ba ce. Za ki shiga ko za ki bi Baba?"

Norio ya nuna ta da yatsa.

"In kika sa rigar nan, kada ki dawo mini gida."

Mitsue ta ɗauki jakarta ta rataya a kafaɗa. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Da me za ka rufe ni a waje? Mabuɗin yana jakata. Kai ko aljihun da za ka sa shi ba ka taɓa nema ba."

"Ke."

"Sunana Mitsue. Ƙarfe shida zan tashi."

Ta ɗaga labulen kicin ta shige.

Teburi ashirin da shida ne a shagon, ban da benci. Norio Tamagawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Ezaki na bayansa, ya sunkuya a gaban kowanne ya ce shi ne ya taɓa abinci ya mayar, a yafe masa. A gaban Iya Umeno sau biyu ya yi, don ta ce ba ta ji na farko ba. Aka rubuta sunansa cikin waɗanda ba za su sake taka shagon ba. Hosoi ya ce yana da taro, ya tafi. Norio ya hau jirgi shi kaɗai, ya zauna a dakalin ƙofar gidansa daga ƙarfe biyu, maƙwabta na wucewa suna gaishe shi.

Ƙarfe shida ta yi. Bakwai ta yi. Mitsue ba ta iso da mabuɗin ba, yana nan zaune.